Farin Juji: Yadda Wani Ƙauyen Haƙar Dalma a Ingila Ya Binne Gubarsa Ya Bar Kufansa a Tsaye

Wurin da abin da ke ƙarƙashinsa

Ƙauyen Snailbeach yana yammacin gundumar Shropshire ta Ingila, ƙasa da kilomita 20 kudu maso yamma da birnin Shrewsbury, ba nisa da iyakar Wales. Gidajensa sun jeru a gindin duwatsun Stiperstones. Wanda ya je yau zai tarar da wani faffaɗan tudu kore shar a cikin gari, tsofaffin gine-ginen dutse a bayansa, sannan can bisa tsauni dogon bututun hayaƙi yana leƙo kai ta cikin itatuwa. Shekara talatin da 'yan kai da suka wuce, tudun nan fari ne fat, ko ciyawar kirki babu a kansa. Tarkacen haƙar dalma ne da ya daɗe yana taruwa, kuma sunan da mutanen garin suka sa masa, in an juya shi da Hausa, shi ne Farin Juji.

Dutsen da ake nema a nan masana na ce masa galena. Bahaushe ya san shi farin sani, don shi ne dutsen nan mai nauyi da ƙyalli da ake niƙawa a yi tozali. Dalma ce haɗe da farar wuta. Ba ya zama shi kaɗai a cikin ƙasa. Yana bin tsagar dutse kamar jijiya, cakuɗe da ma'adinin zinki da wasu fararen duwatsu: kalsait, wanda dangin farar ƙasa ne, da barait, da ƙanƙarar dutse. Kafin a sami kwando guda na galena sai an fito da kwanduna da yawa na waɗannan, kuma su ne suka ba jujin launinsa.

Haƙa a wannan yanki ba jiya aka fara ba. A 1796 an tono wani curin dalma mai nauyin kusan kilo 88 a gefen ƙauyen, ɗauke da sunan Sarkin Rum Hadriyan, wanda ya yi mulki daga shekara ta 117 zuwa ta 138 Miladiyya. Amma matsalar da wannan nazari ya bi ta soma ne daga baya, lokacin da aikin ya tashi daga hannun 'yan tsiraru ya koma na kamfani.

1783 zuwa 1870: yadda jujin ya taru

A 1783 wasu masu jari, ƙarƙashin jagorancin Thomas Lovett, suka kafa kamfani suka karɓi hayar wurin. Ƙasar ta gidan sarautar da daga baya aka sani da Marquess na Bath ce, kuma gidan yana da kasonsa a cikin duk abin da aka fitar.

Abokin gabar mahaƙi na farko ruwa ne. Don haka kamfanin ya fafe wata doguwar magudana ta ƙarƙashin dutse, sama da kilomita guda, daga kwarin Wagbeach har ta riski ramin a zurfin yadi 112, wato kamar mita 102. (Da yadi suke auna zurfi a wannan mahaƙa, irin yadin mai sayar da atamfa, alhali yawancin maƙwabtansu da gaba, wato tsawon hannu biyu a miƙe, suke awo.) Duk ruwan da ke sama da magudanar yana fita da kansa. Na ƙasa da ita kuwa sai an ɗago shi da famfo an zuba mata. Wannan yadi 112 zai sake fitowa a labarin, don har yau shi ne iyakar da ruwa ya tsaya.

A shekarun 1840 da 1850 mahaƙar ta kai ganiyarta. Ma'aikata sun kai wajen 500, ana fitar da ton 3,000 ko fiye na ma'adinin dalma a shekara, abin da ya sa ta shiga sahun mafi albarka a Birtaniya. Mahaƙan ba albashin wata suke karɓa ba. Ƙungiya-ƙungiya suke, kowace ta yi ciniki da manaja kan nawa za a biya ta, sannan a cire mata kuɗin kyandir da albarushi. Da yawansu na da 'yar gona da saniya a kan tsauni don cike giɓi. A 1858 aka girka babban injin tururi na famfon ruwa, irin na yankin Cornwall, a kan tudun Lordshill, mai tukunyar silinda inci 60, aka gina masa gida na dutse mai kaurin bango. Da ƙarfinsa aka yi ta nutsawa har zurfin ya kai yadi 552, sama da mita 500.

Abin da ya fi shafar jujin shi ne yadda ake tace dutsen. Ana farfasa shi, a niƙa, a wanke da ruwa, kamar yadda masu wankin kuza ke yi. Galena ta fi ruwa nauyi sau bakwai da rabi, kalsait kuwa bai kai sau uku ba, saboda haka mai nauyin ya kwanta, mara nauyin ruwa ya tafi da shi. Dabarar tana aiki, amma ba ta kwashewa duka. Garin galena mafi laushi yakan bi ruwa ya tsere, wani kuma yana maƙale a jikin farin dutsen. Ma'adinin zinki, wanda ke tafe da ɗan kadmiyam a cikinsa, ya daɗe ba shi da wata daraja a wurinsu, shi ma juji ake kai shi. Haka aka yi ta zubawa shekara da shekaru, a wuri mafi kusa da mawanka, gidaje kuma suna ƙaruwa a kewayensa don ma'aikaci yana son kwana kusa da aikinsa.

1870 zuwa 1911: ƙoƙarin ceto mahaƙar

Kamfanin bai yi ƙyashin zuba kuɗi ba. Tun farkon shekarun 1860 ya gina gidan narka dalma kusa da mahaƙar. A ƙarƙashin manaja Henry Dennis aka shimfiɗa siririn layin dogo zuwa Pontesbury a 1877, don a shigo da kwal a fitar da kaya cikin rahusa. A 1881 aka gina ɗakin injin matse iska domin na'urorin huda dutse. A 1885 aka ɗaga dogon bututun hayaƙin da ke kan tsauni, aka haɗa shi da gidan narkawa ta wata doguwar hanyar hayaƙi. Hikimar ita ce tururin dalma ya huce a hanya ya manne a bango, daga baya a tura mutane su kankaro shi a sake narkawa. Ba sai an faɗi abin da wannan aiki ke yi wa jikin mai yinsa ba.

Duk wannan bai tare abin da ke tafe daga waje ba. Dalma mai arha ta fara kwararowa daga Sifen, sannan Amurka da Ostireliya suka cika kasuwar duniya. Ton ɗin da ake sayarwa sama da fam 20 a farkon shekarun 1870 ya faɗo wajen fam 11 a tsakiyar shekarun 1880. A 1884 kamfanin ya yi asara aka rushe shi, aka kafa sabo a kan kufansa da ƙarancin ma'aikata.

Ranar 6 ga Maris 1895 igiyar ƙarfen da ke sauke kejin ma'aikata a rijiyar George, ramin da ake bi a shiga mahaƙar, ta tsinke, mutum bakwai na ciki. Zurfin rijiyar yadi 252 ne, babu wanda ya tsira. A shekarar ce kuma aka daina narka dalma a wurin. Mahaƙar ta ci gaba da jan ƙafa har 1911, lokacin da aka kashe babban famfon. Ruwa ya yi ta hawa a hankali ya cinye duk ramukan ƙasa, bai tsaya ba sai da ya iso magudanar yadi 112. Alƙaluman hukuma na tsakanin 1845 da 1913 sun nuna sama da ton 130,000 na ma'adinin dalma ya fita daga wannan rami guda. Tarkacen da ya rage a bakinsa babu wata doka a lokacin da ta ce dole wani ya kwashe ko ya rufe.

1900 zuwa shekarun 1970: cin juji

Abu na farko da aka gwada a kan jujin ba don lafiyar kowa aka yi shi ba, neman kuɗi ne. Barait, wanda a da ake zubarwa, ya sami kasuwa wajen masu yin fenti da takarda. (Shi ne dai barait ɗin da ake haƙa a Azara ta jihar Nasarawa, wanda yau masu haƙar mai suka fi buƙata.) Daga 1900 wani ƙaramin kamfani mai suna Halvans ya shiga tona jujin yana tsince shi, ana kuma haƙo wani daga ramukan sama da ruwa bai kai ba. Wannan haƙa ta ƙarƙashin ƙasa ta ci gaba jefi-jefi har 1955. Bayan nan ma an ci gaba da ɗiban farar tsakuwar ana sayar wa magina don yaɓen bangon gidaje, har cikin shekarun 1970.

Ta fuskar abinci, wannan ya riƙe wasu gidaje na tsawon lokaci. Ta fuskar jujin kuwa bai rage komai ba. Masu tsintar barait sun ɗauki abin da suke so sun mayar da saura, kuma sauran ya fi na da laushi don an sake niƙa shi. Kowane tono yana buɗe sabuwar fuska ga iska da ruwan sama. Haƙar barait ɗin ta kusa da doron ƙasa ta bar manyan kogunan wofi da rufinsu ba shi da kauri.

Layin dogon ya ɗan fi mahaƙar tsawon rai, yana jigilar duwatsun hanya daga wata mafasa da ke kusa, har aka daina amfani da shi a 1959. Injinan kuwa an yanka su an sayar a matsayin tsohon ƙarfe. Gine-ginen ne kawai suka tsira, saboda rushe su ma kuɗi ne, kuma ba wanda ke buƙatar filin.

Shekarun 1960 zuwa 1980: barin wurin ga Allah da daji

Abu na biyu da aka gwada, in ana iya kiransa gwaji, shi ne ƙyale wurin. A ƙasa mai ruwan sama irin Ingila, kango ba ya daɗewa ciyawa da itatuwa ba su rufe shi ba. A kan gine-ginen hakan ta faru, kuma ɓarna ce: rufi ya rubza, saiwoyi suka shiga tsakanin duwatsu, sanyin hunturu yana daskarar da ruwan da ya shiga tsaga yana ƙara buɗa ta. A kan jujin kuwa, inda ake fatan ciyawar, ta ƙi fitowa. Zinki mai yawa yana ƙona saiwar tsiro. Babu taki ko kaɗan a cikin niƙaƙƙen dutse, ba ya riƙe danshi, kuma samansa kullum cikin motsi yake. Shekaru suka yi ta wucewa jujin yana nan fari kamar jiya aka zuba.

Idan rani ya yi, iska na ɗibar garinsa ta kai kan gidaje da lambuna. Idan aka yi ruwa, ya wanke shi zuwa rafi. Galena a yadda take cikin dutse ba ta saurin narkewa a jikin mutum, amma idan ta yi shekaru a fili iska da ruwa suna dukanta, takan rikiɗe ta koma wani nau'in da ciki ke sha cikin sauƙi. Ƙananan yara ne abin ya fi kamawa, don su ke wasa a ƙasa suna kai hannu baki, hanjinsu kuma ya fi na manya jan dalma, ƙwaƙwalwarsu tana tsakiyar girma.

A wannan tsakanin abubuwa uku suka canza yadda ake kallon wurin, ko da yake ba daga ƙauyen suka taso ba. A 1961 aka kafa ƙungiyar masu sha'awar tsofaffin ramukan haƙa ta Shropshire, mutanen da ke shiga kogunan da igiya da fitila a ranakun hutu suna aunawa suna zanawa. A Oktoban 1966 jujin kwal ya zaftaro kan ƙauyen Aberfan a Wales ya kashe mutum 144, 116 daga ciki yara ne, abin da ya haifar da dokar 1969 wadda ta ba majalisun gundumomi ikon sa baki kan jujin da aka yi watsi da shi idan yana barazanar zaftarewa. Dokar ta dubi rushewa ne, ba guba ba, amma daga lokacin an daina ganin tsohon juji a matsayin abin da ba ruwan hukuma da shi. Na ukun shi ne binciken likitoci na shekarun 1970 da 1980, wanda ya nuna cewa dalma ko kaɗan ce tana rage wa yaro kaifin fahimta ba tare da ya nuna alamar ciwo ba. Ma'aunin da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ke ɗauka abin damuwa ya sauko daga maikrogiram 25 a kowane desilita na jini a 1985 zuwa 10 a 1991.

Zuwa ƙarshen shekarun 1980, binciken da majalisar gundumar Shropshire ta sa aka yi ya fito da hoton a fili. Jujin na ɗauke da dalma da zinki da kadmiyam, kuma yana tsakiyar mutane. Akwai rijiyoyi da koguna da za su iya ruftawa. Gine-ginen, waɗanda masana tarihin masana'antu ke lissafawa cikin mafi cikar rukunin gine-ginen haƙar dalma da suka rage a Ingila, suna gab da zubewa.

Maganin kowace ɗaya daga cikin matsalolin nan uku yana iya zama cutar 'yar'uwarta. Hanya mafi sauƙi ta kawar da haɗari ita ce a kawo katafila ta baje komai, a tura tarkacen cikin rijiyoyin, a rufe da ƙasa. An yi haka a tsofaffin mahaƙu da dama na Birtaniya a shekarun 1960 da 1970, inda yau ba abin da za ka gani sai fili.

Shekarun 1990: aikin gyara

Matakin farko bai shafi ƙasa ko dutse ba, takarda ce. A wajajen 1990 majalisar gundumar ta mallaki wurin. Kafin nan babu mai ɗaukar alhaki: kamfanonin da suka tara jujin sun mutu tun tuni, kuma babu mai zaman kansa da zai kashe dukiya kan filin da ba zai dawo masa da ko sisi ba. Da wurin ya zama na hukuma, ƙofar tallafin gwamnatin tsakiya na gyaran lalatattun filaye ta buɗe. Kuɗin gyaran gine-gine kuwa ta wata ƙofa ya zo, har da hukumar English Heritage mai kula da wuraren tarihi. Aikin ya gudana kashi-kashi daga farkon shekarun 1990 zuwa tsakiyarsu.

Hanyoyin da ake da su kan juji irin wannan ba su da yawa. Dalma ba ta ruɓewa, ba ta ƙonewa ta ɓace, shekara dubu tana nan dalmarta. Ko dai a kwashe ta a kai wani wuri, ko a raba ta da mutane a inda take. Kwashe tudu guda yana nufin dubban lodin tifa ta siraran hanyoyin ƙauye, ƙura na tashi a kowane lodi, sannan a je a nemo wasu mutanen da za a jibge wa. Sai aka ɗauki ta biyun. Aka rage tsayin gangaren jujin aka daidaita shi yadda ba zai zame ba, aka yi masa hanyoyin ruwa, aka lulluɓe shi da ƙasa mai tsabta da aka kawo daga waje, aka shuka ciyawa. Ciyawar ba ado ba ce. Saiwarta ce ke riƙe murfin kada ruwa ya zaizaye shi. An bar wani ɗan yanki a buɗe domin ɗalibai da masu nazarin duwatsu su ga ainihin abin da ke ƙasa.

Wanda ya bi labarin gubar dalma ta Zamfara zai gane dabarar. A can, daga 2010, yara sama da 400 suka rasu saboda ana niƙa dutsen zinariya mai dalma a cikin gidaje, kuma gyaran da aka yi a ƙauyuka irin su Bagega shi ne kankare gurɓatacciyar ƙasa a binne, a shimfiɗa mai tsabta. Girman bala'in ba ɗaya ba ne ko kusa, amma a wuraren biyu aikin shi ne sa shamaki tsakanin gari mai guba da hannun yaro.

Rijiyoyin ba a yi musu kuɗin goro ba. Kogunan da ke barazana ga abin da ke samansu an cike su. Wasu rijiyoyin an rufe bakinsu da kankare. Wasu kuma, tare da hanyoyin shiga ta gefen dutse, ƙofofin ƙarfe masu tagogi aka sa musu. Dalili biyu ne. Jemagu sun mayar da ramukan wurin kwanan hunturu, kuma dokar kare namun daji ta 1981 ta haramta toshe musu mazauni. Sannan iska da ruwa na buƙatar hanya, mai duba lafiyar ramin shi ma yana buƙatar ta shiga. A nan ne wahalar 'yan ƙungiyar nan ta 1961 ta yi rana, don su ne suka san ƙarƙashin ƙasar da ƙafafunsu, suka kuma dage cewa ramukan ma tarihi ne, ba gine-ginen sama kaɗai ba.

Gine-ginen an bi da su bisa ƙa'idar da Ingila ke bi kan kufai: a tsayar da lalacewa, kada a ƙirƙiro abin da ba a tabbatar ba. Aka sare itatuwan da suka tsiro a bango, aka cike tsagogi, aka ɗaure kawunan bangaye don ruwa ya daina shiga. A irin wannan aiki da kwaɓin farar ƙasa ake liƙe tsohon dutse, ba siminti ba, domin siminti ya fi dutsen tauri, yana kulle danshi a ciki har dutsen ya ruɓe a bayansa. Gidan babban injin Lordshill an bar shi ba rufi yadda aka same shi, an dai hana shi faɗuwa. Ƙananan gine-gine irin su maƙera da rumfar jirgin ƙasa da ɗakin da mahaƙa ke shanya kayan aiki sun samu gyaran da ya sa ana iya shigarsu. A ƙarshen shekarun 1990 aka sake kafa hasumiyar katako mai ɗauke da gargaren igiya a bakin rijiyar George, inda mutum bakwai ɗin nan suka sauka. Wurin yana cikin jerin wuraren tarihi da dokar ƙasa ta kare.

Daga 2000 zuwa yau

'Yan kwangila sun gama sun tafi, aikin da ba ya ƙarewa ya rage: yanke ciyawa, share magudanai, duba makullai, buɗe wa baƙi ƙofa. Majalisar gundumar ce mai wurin, amma hidimar yau da kullum tana hannun wata gidauniyar masu aikin sa-kai, Shropshire Mines Trust. Filin a buɗe yake ga mai yawo da ƙafa. A watannin ɗumi ana shiga da baƙi da 'yan makaranta cikin wasu ramukan da hular kwano da fitila. Da hunturu ya kama sai a bar wa jemagu.

Ruwa kuwa bai bi sahu ba. Ramukan da suka cika tun 1911 suna nan cike, ruwan yana jiƙe da ma'adinai, yana fita ta tsohuwar magudanar da aka fafe don wannan aiki tun ƙarni na 18. Ruwan tsofaffin mahaƙun yankin da na jujinsu har yanzu yana kai zinki da kadmiyam cikin rafin Minsterley, daga nan zuwa rafin Rea, wanda ke faɗawa kogin Severn a Shrewsbury. Illar ta fi sauka kan kifi da ƙwarin ruwa. A dokar Birtaniya, wanda ya bar mahaƙa kafin shekara ta 2000 ba a kama shi da laifin ruwan da ke fita daga cikinta, saboda haka nauyin ya koma kan gwamnati. Kimanin kilomita 1,500 na kogunan Ingila ne ke fama da irin wannan gurɓata daga tsofaffin mahaƙun ma'adinai irin su dalma da zinki, kuma gwamnati ta ɗaukar wa kanta alkawarin rage tsawon da rabi kafin 2038.

Abin da ya ci, abin da bai ci ba

A ganina aikin ya yi nasara a kan abin da aka sa a gaba. Ƙurar da ke tashi daga jujin ta tsaya, rijiyoyin ba sa jiran ƙafar kowa, gine-ginen da aka yi zaton ba za su ga sabon ƙarni ba suna tsaye. Dalilin farko shi ne an sami mai wuri guda ɗaya da za a iya tambaya, wanda kuma ke da hurumin neman kuɗin gwamnati. Shekara tamanin jujin ya yi tsakanin kashe famfo da zuwan majalisa, ba don ba a san yadda ake rufe tudu da ƙasa ba, sai don ba na kowa ba ne.

Dalili na biyu shi ne an rarrabe. Ba a ɗauki wurin duka a matsayin guba ba, ba a kuma ɗauke shi duka a matsayin kayan tarihi da ba a taɓawa ba. An tambayi kowane ɓangare ta wace hanya yake cutarwa: jujin ta ƙura, rijiya ta faɗawa, bango ta rushewa. Kowanne aka toshe masa hanyarsa aka bar sauran. Wannan rarrabewa ba ta yiwuwa sai da mutanen da suka riga suka san wurin ciki da bai, kuma a nan sa'a ce ta sa masu sha'awa suka riga injiniyoyi zuwa da shekara talatin. Jinkirin ma, duk da cutarwarsa, ya taimaki gine-ginen ta bayan fage. Da an yi gyaran a 1970, da wuya katafila ta bar gidan injin.

Gwaje-gwajen farko biyu sun faɗi ne don babu wanda ya nufi matsalar. Masu tona jujin barait suke nema, don haka suka bar dalmar suka ƙara mata laushi. Masu jiran daji ya rufe shi kuma ba su lissafa cewa abin da ke cutar da yaro, ɗan'uwansa zinki yana cutar da saiwa ba.

Akwai asarar da ba a cika faɗa ba. Jujin shi ne shaida mafi girma ta yawan dutsen da hannun mutane ya fito da shi daga zurfin mita 500, kuma shi ne abin da ya bambanta ƙauyen da duk wani ƙauye a gundumar. Baƙon yau yana ganin kyawawan kufai a cikin kore, yana iya komawa gida da tunanin cewa haƙar dalma sana'a ce mai tsabta a wuri mai daɗin iska. Ba na ganin akwai wata mafita da ta wuce rufe shi, gidaje na gindinsa. Ɗan yankin da aka bari a buɗe da tsofaffin hotuna su ne kawai ke cike wannan gurbi, kuma ba su cike shi duka ba.

Murfin kansa aro ne. Dalmar tana nan ƙarƙashin ciyawar yadda take, kuma murfin zai ci gaba da aiki ne muddin ba a bar zomaye ko saiwar itace ko zaizayar ruwa sun huda shi ba, muddin kuma majalisar da kasafinta ke ƙara tsukewa tana tura mai dubawa. Batun ruwan da ke bi ta magudanar yadi 112 kuwa yana kan teburin hukumar muhalli da hukumar kula da tsofaffin mahaƙu, ba a rufe fayil ɗinsa ba.